SIRRIN SAUTI: Makirfo Biyu Sun Ishi Makaɗan Birnin Gwari

Akwai wani abu da ya daɗe yana faruwa a finafinan Hausa, wanda 'yan kallo suka saba da shi har sun daina lura. Za a nuno fada, ga sarki a zaune, ga dogarai sun sha ja da kore, ga makaɗi ya rataya kalangu yana ta haɗa gumi. Amma abin da ke fitowa daga sifika ba kalangu ba ne, kiɗan fiyano ne. Wani yaro ne ya zauna a situdiyo a Kano ko Kaduna ya daddanna, aka ɗora a kan hoton. Wani lokaci ma gular makaɗin tana sama, sautin dukan ya riga ya sauka. In mai karatu yana musu, to ya ɗauko fim ɗin sarauta guda daga cikin waɗanda ke wayarsa, ya sa ido a kan hannun makaɗin, kunnensa kuma a kan sifika.

Ba yau aka fara ba. Tun cikin shekarun 1990, lokacin da situdiyo irin su Iyan-Tama a Kano suka fara aiki da fiyanon Yamaha, furodusoshi suka gane cewa yaro ɗaya da na'ura ɗaya sun fi makaɗa takwas araha. Ba kuɗin mota, ba na abinci, ba rigimar wane ya makara. Da Sangaya ya fito waƙoƙinsa suka cika gari, sai magana ta ƙare, kiɗan fim ya zama kiɗan fiyano. Ba mai cewa fiyano bai yi wa industiri rana ba, don shi ya haifi nanaye, nanaye kuma ta rufa wa mutane da yawa asiri. Sai dai akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Waɗanda suka gwada ɗaukar makaɗan gaske sun sha dawowa gida da abin kunya. A fili kiɗan yana tayar da tsikar jiki, amma da an kunna sai a ji kamar ana dukan kwali a cikin banɗaki. Daga nan sai a ɗora wa kalangu laifi, wai ba ya shiga na'ura. To, Mamman Shata fa? Da me ya yi ta shiga na'ura har ya rasu a 1999? Kotson Ɗanƙwairo da gurmin Haruna Uji da kuntigin Ɗanmaraya Jos da ƙwaryar Barmani Choge duk sun shiga. Ba kayan kiɗan ne da laifi ba, inda aka ajiye makirfo ne.

Filin na wannan karon zai yi magana ne a kan wata dabara ta ajiye makirfo biyu, wadda ta girmi kakannin yawancin masu karanta wannan mujalla, amma har gobe manyan masu ɗaukar sauti na duniya ba su yar da ita ba. Kuma an zaɓi a kai misalin Birnin Gwari, ba Kano ba, saboda dalili.

Duk wanda ya san garin, can yamma da Kaduna da tazarar kilomita sama da 100, ya san abin da yankin ya gani. Shekara da shekaru hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro, ƙauyuka suka watse, mutane suka baro gonakinsu suka tattaru a cikin gari, a mazaɓun Magajin Gari, wasu suka wuce Kaduna ko Funtuwa. A ƙarshen 2021 har layukan waya aka katse na wani lokaci saboda matsalar tsaro. Sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. An ƙirga rayuka, an ƙirga shanu, an ƙirga buhunan masara da aka yi asara. Abin da ba a ƙirga ba shi ne gangunan da aka rataye. Inda ba a zuwa gona ba a yin gayya, inda ba gayya kuwa mai gangar noma ba shi da aiki. Inda ake ɗaura aure a gaggauce a watse kafin la'asar, mai kalangu ba ya samun fili. Ɗansa da ya kamata ya gaje shi ya koma acaɓa ko haƙar zinare. Irin waɗannan dattawa ba su da faifai ko ɗaya, ba su taɓa shiga situdiyo ba, kuma ba za su hau mota su je Kano don a ɗauke su ba. In ba a ɗauke su a inda suke ba, ranar da ƙasa ta rufe idonsu an tafi da kiɗan ke nan.

Kuma ga kasuwa tana jira. Finafinan tarihi da na sarauta sun dawo da ƙarfinsu, har Mai Martaba, wanda aka shirya a Daura, aka zaɓa a 2024 ya wakilci Nijeriya a gasar Oscar. Masu dogon zango a YouTube kullum suna neman kiɗan da zai bambanta su da na maƙwabta. Matashin da ya iya ɗaukar kiɗan gargajiya tsaf, ba gurɓata, yana da haja.

To, mece ce dabarar? Sunanta dabarar tsakiya da gefe. A jikin na'urori za a ga an taƙaita ta da haruffa biyu, MS. Makirfo biyu ake buƙata, amma ba iri ɗaya ba. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar bambancinsu ita ce a tuna kotso da kalangu. Kotso baki ɗaya gare shi, kalangu kuwa baki biyu. Makirfo na farko ɗan'uwan kotso ne, ta gaba kawai yake ji sosai, yana ɗan ji ta gefe, ta baya kuwa kurma ne. Shi ne irin wanda aka saba gani a gaban mawaƙi a situdiyo, kuma alamarsa a jikin na'ura wani zane ne mai kama da zuciya. Shi ake kira na tsakiya, ana saita shi yana kallon makaɗan ido da ido. Na biyu ɗan'uwan kalangu ne, yana ji ta fuska biyu, alamarsa lamba 8. Shi wannan ba a nuna shi ga makaɗan ko kaɗan. Ana gicciye shi ne, fuska ɗaya tana kallon hagu, ɗaya tana kallon dama, kurman gefensa kuma yana kallon makaɗan. Sai a ɗora ɗaya a kan ɗaya, kawunansu su kusanci juna iyakar iyawa, kamar za su taɓa amma kada su taɓa.

Wanda ya fara ganin wannan tsari zai ce an yi shirme. Ya za a kawo makirfo mai tsada a juya wa masu kiɗa kurman gefensa? Ai a nan sirrin yake.

A cikin makirfo akwai wata 'yar fata siririya da sauti ke kaɗawa, kamar dai fatar ganga. A makirfo mai baki biyu, sautin da ya zo daga hagu yana tura fatar zuwa dama, wanda ya zo daga dama kuma yana tura ta zuwa hagu. Ke nan in aka ɗauki na hagu a matsayin riba, na dama ya zama bashi. Wanda ya zo daga tsakiya kuwa yana dukan fuskokin biyu daidai wa daida, fatar ba ta motsa ba, ba riba ba bashi. Daga nan sai lissafin 'yan firamare. Sifikar hagu ana ba ta tsakiya a tara da gefe. Sifikar dama ana ba ta tsakiya a ɗebe gefe.

A ɗauki misali da lambobi don abin ya zauna. A ce mai kalangu yana hagu, makirfon tsakiya ya ji shi da ƙarfin 5, na gefe ya ji shi da ƙarfin 3. Sifikar hagu za ta samu 5 a tara da 3, wato 8. Ta dama za ta samu 5 a ɗebe 3, saura 2. Kunne ya ji 8 a hagu, 2 a dama, nan take ya ce mai kalangu yana hagu. Mai kurkutu yana dama, shi nasa 3 ɗin bashi ne, don haka lissafin ya juye, hagu 2, dama 8. Mawaƙin da ke tsaye a tsakiya kuwa makirfon gefe bai san da shi ba, 5 a hagu, 5 a dama, ya tsaya cak a tsakiyar kan mai saurare. Da makirfo biyu kacal an zana wa kunne hoton dandalin gaba ɗaya. Wannan faɗin sauti shi ake kira sitiriyo.

Wanda ya fara wannan tunani ɗan kallo ne, kamar mai karatu. Sunansa Alan Blumlein, injiniya a kamfanin EMI na Ingila. A 1931, lokacin finafinai masu magana ba su daɗe da fitowa ba, ya je silima tare da Doreen, wadda ya aura daga baya. Abin da ya dame shi shi ne jarumi yana wannan gefe na majigi, muryarsa tana fitowa daga wancan gefe, inda sifika take. Ya ce ya san yadda za a sa murya ta riƙa bin mai ita. A watan Disamba na wannan shekara ya shigar da takardar mallakar fasaharsa, kuma a cikinta akwai wannan lissafi na tarawa da ɗebewa. A 1935 ya ɗauki ɗan gajeren fim na gwaji a tashar jirgin ƙasa ta Hayes, inda ƙarar jirgi ke bin jirgin daga wannan gefe zuwa wancan. Bai ci moriyar abin ba. A watan Yuni na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin saman da yake gwajin na'urar rada mai hango ƙasa a ciki ya faɗi, ya mutu yana da shekara 38. Sai a shekarun 1950 wani injiniya na gidan rediyon Denmak, Holger Lauridsen, ya farfaɗo da tsarin tsakiya da gefe ya mai da shi abin aiki na yau da kullum. Wani abin sha'awa, wannan kamfani na EMI yana cikin waɗanda suka haɗa hannu da gwamnatin Jihar Arewa aka kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, gidan da ya ɗauki muryoyin manyan makaɗan ƙasar Hausa, kuma EMI ɗin ya buga faya-fayan Shata. Ashe dai alaƙar ba ta yau ba ce.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba za a kafa makirfo ɗaya a hagu ɗaya a dama a huta ba? Ai shi ma sitiriyo ne. Haka ne, kuma in a manyan sifiku biyu za a saurara yana da daɗi ƙwarai. To amma su wa ke sauraren waƙar fim ɗin Hausa, kuma da me? Da waya mai sifika ɗaya. Da 'yar sifikar Bluetooth ta mai shayi. Da rediyon mai gadi. Da talabijin ɗin shagon aski. Duk waɗannan baki ɗaya gare su, dole su haɗe hagu da dama su zama abu guda. A nan makirfo masu nisa da juna ke tona wa mutum asiri. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. In ganga ta fi kusa da makirfo ɗaya da santimita 34 kacal, dukanta zai isa can kafin ya isa ɗayan da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kunne ba zai ji wannan a matsayin jinkiri ba, amma da an haɗe su sai wasu sassan sautin su cinye juna, musamman wajen kaɗawa 500 a daƙiƙa, inda kaurin ganga da na muryar namiji suke. Shi ne sai a ji kiɗan ya rame, ya koma kamar daga cikin bututu yake fitowa.

A dabarar tsakiya da gefe wannan ba ya faruwa, saboda kawunan makirfon suna wuri ɗaya, sauti yana isa gare su lokaci guda. A koma kan lambobin ɗazu. Mai kalangu 8 da 2, an haɗa ya zama 10. Mai kurkutu 2 da 8, shi ma 10. Mawaƙi 5 da 5, 10. Riba da bashi sun kashe juna, makirfon gefe ya ɓace ɓat, abin da ya rage shi ne tsantsar abin da makirfon tsakiya ya ji, garau. Mai sauraro da abin kunne ya samu dandali mai faɗi, mai shayi kuma ya samu kiɗa mai ƙarfi, ba wanda aka cuta. Ba banza ba tashoshin FM suke aika sautinsu da irin wannan lissafi, tun da aka amince da tsarin a Amurka a 1961. Ƙaramar rediyo ta ɗauki tarawar kawai, babba ta ɗauki duka biyun. Hatta MP3 ɗin da ake turawa a memori yakan yi amfani da wannan wayo don ya rage nauyi.

Fa'ida ta biyu ita ce edita zai fi so. Faɗin sautin ba a lokeshin ake yanke shi ba, a kan kwamfuta ne, bayan kowa ya koma gida. A Cubase ko FL Studio ko Audacity na kyauta, layi uku ake buɗewa. Na farko na makirfon tsakiya, a bar shi a tsakiya. Na biyu na makirfon gefe, a karkata shi hagu gaba ɗaya. Na uku kwafin na biyun ne, a karkata shi dama gaba ɗaya, sannan a kifar da shi, wato a danna maɓallin nan mai alamar da'ira da aka ratsa da layi, wanda ke mai da riba bashi. Layi na biyu da na uku dole su riƙa hawa da sauka tare. In aka ɗaga su dandali ya buɗe, in aka sauke su ya tsuke. Darakta ya nuno fada daga nesa, jama'a maƙil, sai a buɗe. Kyamara ta matso fuskar jaruma tana hawaye, sai a tsuke, kiɗan ya taru wuri ɗaya kada ya janye hankali. Wanda ke ƙyuyar buɗe layi uku akwai 'yar manhaja ta kyauta mai suna MSED ta kamfanin Voxengo, ita za ta yi masa lissafin.

Maganar kayan aiki kuwa, kowa da ƙarfin aljihunsa. Manya suna haɗa Sennheiser MKH 40 da MKH 30, amma kuɗinsu ya isa a shirya ƙaramin fim. Masu matsakaicin ƙarfi akwai makirfo irin su Behringer C-3 da B-2 Pro, masu ɗan makunni a jiki da ake turawa zuwa lamba 8, sai dai suna buƙatar wutar nan ta bolt 48 da mikisa ko akwatin sauti ke bayarwa. Wanda zai yi aiki a Magajin Gari, inda ba a yi wa wutar NEPA alƙawari, zai fi samun sauƙi da 'yar rikodar Zoom H2n da ta fito a 2011. Tana shiga aljihun riga, batir biyu take ci irin na tocila ƙarama, kuma an gina mata makirfon tsakiya da na gefe a cikinta. Abin da kawai za a kula shi ne a sa ta ajiye sautin ɗanye, tsakiya daban gefe daban, kada ta haɗe su da kanta.

Yanzu a ce ga matashi da rikodarsa, ga dattijo mai kalangu da yaransa sun yarda za su zauna. Ina za a zauna? Wannan tambaya ta fi ta kayan aiki muhimmanci, don makirfon gefe ba shi da kunya, ɗaki yake saurare. In ɗakin siminti ne mai rufin kwano, ba labule ba katifa, duk amsa-kuwwar da ke yawo tsakanin bango da bango zai kwaso ya zuba. Tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara, da tabarmi a shimfiɗe, ya fi shagon zamani mai tayil sau goma. In babu, gara a fita tsakar gida ko gindin mangwaro, da sassafe kafin 'yan acaɓa da injin markaɗe su farka. A waje kuma abokin gaba iska ce. Makirfo mai baki biyu ya fi kowane makirfo tsoron iska, iskar hunturu in ta buge shi sai a ji kamar an tayar da tirela. Soso kaɗai ba ya isa, sai an sa masa rigar nan mai gashi buzu-buzu.

Sai jeri. Makaɗan gargajiya sun riga sun san yadda suke tsayawa, kada yaro ya zo yana koya wa dattijo sana'arsa. Abin da zai roƙa kawai shi ne su ɗan lanƙwasa kamar jinjirin wata, uban kiɗa ko mawaƙi a tsakiya, 'yan amshi da sauran makaɗa a hagu da dama, makirfo kuma a gabansu da tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, daidai tsayin ƙirji. Kada jinjirin watan ya buɗe har wani ya kai daidai kunnen makirfon gefe. Wanda ya tsaya can zai fito raɗau a abin kunne, amma a wayar mai sifika ɗaya zai dusashe, tunda makirfon tsakiya bai ji shi sosai ba. In wata ganga ta fi ƙarfi tana danne sauran, mai ita ya ja baya taku biyu, ba gefe ba. Da ƙafa ake yin mikisin a nan, ba da maɓalli ba.

Kalangu ya fi kowa cin moriyar wannan nisa. Shi ba ganga ba ce da ake kafewa wuri ɗaya. Yana ƙarƙashin hammata, ana matse tsarkiyarsa ana saki, murya tana hawa tana sauka, makaɗin yana juyi yana rangaji. In aka manna masa makirfo a baki, ƙarar gula kawai za a samu, tas-tas, maganar da kalangun ke yi kuwa ta wuce ta gefe. Sai an ba shi fili sautin fuskokinsa biyu ya haɗu a iska kafin a ji abin da yake faɗa. Gurmi da kuntigi da kukuma su kuma masu ƙaramar murya ne, in su kaɗai ne sai a matso kamar rabin mita, a rage makirfon gefe sosai, in ba haka ba ɗan kuntigin da bai wuce gwangwanin kifi ba zai fito da faɗin ɗaki guda, abin ya zama almara. Algaita da kakaki kuwa ba a wasa da su. A ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Birnin Gwari, wanda ya tsaya a saitin bakin kakaki ya ɓata aikinsa, don mai nuna ƙarfin sauti zai buge ja, kuma sautin da ya fashe ba editan da ke ɗinke shi. A ja baya, a tsaya ɗan karkace, a saita yadda duka mafi ƙarfi ba zai wuce alamar 12 a ƙasa da sifili ba. Kuma a nemi izinin fada tukuna.

Ga wani ɗan wayo da ba kowa ya sani ba. Daidai bayan makirfon nan biyu akwai wurin da dukansu kurame ne, na tsakiya ba ya ji ta baya, na gefe ma haka. In akwai janareta ko titi da ba yadda za a yi da su, sai a juya yadda za su kasance a daidai ƙeyar makirfo. Ba zai kashe ƙarar duka ba, amma zai rage ta fiye da yadda ake zato.

Kafin a ce bismillah, gwaji biyu. Wani ya ɗauki makullai ya tafi hagu yana kaɗawa yana cewa hagu, ya dawo dama yana cewa dama. In a abin kunne an ji shi a juye, to fuskar makirfon gefe ce aka juya, sai a gyara ko kuma a musanya wanda aka kifar a kwamfuta. Na biyu, a kan kwamfuta a kashe layin tsakiya, a haɗe sauran biyun su zama baki ɗaya. In an yi daidai, shiru za a ji, tsit. In an ji wani abu, lissafin bai daidaita ba. In da kyamara ake ɗauka, a tafa hannu sau ɗaya a gabanta kafin a fara, don edita ya samu inda zai haɗa hoto da sauti, gula ta daina sauka bayan an ji duka. A ɗauka a WAV, ba MP3 ba, a kan 48, wanda shi ne ma'aunin fim.

Ba kiɗa kaɗai dabarar ke yi wa amfani ba. Finafinan Hausa suna da yunwar sautin wuri. Za a nuno daji, amma ba tsuntsu, ba gyare, ba iska a ganye, sai fiyano yana kuka a ƙasa. Birnin Gwari kuwa tana zaune a bakin ɗaya daga cikin manyan dazuzzukan Arewa, Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 1,100. Kukan kwaɗi bayan ruwan farko, tsuntsayen asuba, hayaniyar kara ranar kasuwa, duk haja ce da editoci a Kano za su so su samu. Sai dai a yi hattara, kada wani ya ce wannan fili ne ya aike shi cikin daji. Bakin gari ya isa, gefen madatsar ruwa ta Bagoma ya isa, kuma ko nan ɗin sai an tambayi manya da waɗanda suka san halin da ake ciki a ranar. Ba kukan tsuntsun da ya kai ran mutum.

Saura magana ɗaya mai ɗaci. Industiri ta yi ƙaurin suna wajen ɗaukar kiɗan mutane a sa a fim ba sallama ba na gode. Kiɗan dattijon nan gadonsa ne, shi ne gonarsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta ba mai wasa haƙƙi a kan wasansa, ko da kuwa bai iya rubuta sunansa ba. Kafin a danna maɓalli a yi magana a fili gaban shaidu: nawa za a biya yau, a ina za a yi amfani da kiɗan, in an sayar wa furodusa mene ne rabonsa. A rubuta, a karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala. A farkon kowane ɗauka a bar shi ya faɗi sunansa da bakinsa, da sunan ƙauyen da ya baro, da sunan kiɗan, da wanda ya koya masa, da lokacin da ake yin sa, na noma ne ko na aure ko na 'yan tauri. Wannan minti ɗaya wata rana zai fi kiɗan kansa daraja a wurin masu bincike.

Bayan an gama, ɗanyen layukan nan biyu, tsakiya da gefe, a adana su yadda suke a wuri biyu daban-daban, kada a goge su don an riga an fitar da waƙa, tunda daga gare su ne za a iya sake buɗe sautin ko a tsuke shi duk ranar da wani fim ya buƙata. Sannan a haɗa kwafi guda mai sauƙi a tura a memori, a kai wa dattijon har gida, a sa masa a wayar jikansa ya ji.